Baiti Ya Faɗa, Zane Ya Amsa

Ku ƙannena da 'ya'yana na Aziziyya, maza da mata, yau da ku nake magana.

A cikinku akwai masu baiti. Duk wanda ke zama majalisa bayan isha'i a wannan yanki na yammacin Madina, ana zagayawa da shayi mai na'ana'a, ya sha jin an ce wa wani yaro, "Kai, karanto mana wadda ka rubuta jiya." Sai ya zaro waya yana sunkuyar da kai, ya karanto baiti biyar ko shida, na begen Manzon Allah (SAW), ko na kewar Kano da bai taɓa gani ba sai a hoto, wani lokaci da Hausa, wani lokaci da Larabci, wani lokaci ma harsunan biyu sun cakuɗe a ɗango guda. Akwai kuma masu hannu: yarinyar da bayan littafinta na makaranta ya cika da zanen rassa da furanni, da saurayin da ya daɗe yana gyara wawinsa da nuninsa a gaban malamin haɗɗi, wato kyan rubutun Larabci. Waɗannan da waɗancan unguwarsu ɗaya, masallacinsu ɗaya, wasu ma ciki ɗaya suka fito, amma bai taɓa faɗo musu a rai su haɗa hannu ba. Baitin ya yi kwana biyu a WhatsApp saƙonni su binne shi, zanen kuma ya bi kwandon shara ranar da aka rufe makaranta.

Roƙona gare ku shi ne mai baiti ya nemi mai zane, ku yi ɗan ƙaramin littafi, ku buga shi da hannunku. Ku yi shi kuma a matsayin abokan aiki biyu da kowa ke sauraron ɗan'uwansa, ba maigida da yaronsa ba.

An yi irin wannan a wasu wurare, ya kuma yi kyau. A shekarar 2003 wani kamfani a birnin New York na Amurka mai suna Limited Editions Club, wanda tun 1929 ba shi da sana'a sai buga littattafai 'yan ƙalilan masu aikin hannu, ya fitar da wani littafi a kan kiɗan jaz. Mutum uku suka haɗu a kansa, dukkansu baƙaƙen fata. Maya Angelou ta rubuta waƙar. Dean Mitchell ya yi hotunan, ta hanyar tona zane a jikin farantin ƙarfe, a cusa tawada cikin tonon, a goge saman, sannan a danne da takarda mai laima, a ciro kowane hoto ɗaya bayan ɗaya. Wynton Marsalis, mai busa ƙaho ɗan New Orleans, ya tsara kiɗan da aka naɗa a faifai aka haɗa da littafin. Tun kafin su, mawaƙi Langston Hughes ya kwashe rayuwarsa yana ɗora baitinsa a kan karin jaz. A 1926, yana saurayi, shi da mai zane Aaron Douglas suka fitar da waƙoƙi shida, kowace da zanenta, a warwatsen takardu cikin jaka guda. A 1949 kuma Jacob Lawrence ya yi wa wani diwaninsa zanen baƙi da fari. Hughes da Lawrence duk sun taka ƙasar Najeriya: Hughes ya halarci wani bikin fasaha a Legas a watan Disamba na 1961, Lawrence ya zo a 1962, ya sake dawowa a 1964 ya yi watanni yana zane. A daidai wannan lokaci ƙungiyar Mbari ta Ibadan tana fitar da 'yan ƙananan diwanai. A 1962 ta buga na Christopher Okigbo da zanen Demas Nwoko, wanda a Zariya ya koyi aikinsa.

Me ya sa jaz ya ja hankalin waɗannan mutane har suka yi ta gina littafi a kansa? Kiɗa ne da ya tsiro a farkon ƙarni na 20 a New Orleans, a hannun jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, tsarinsa kuwa ba baƙo ba ne ga kunnen Bahaushe. Makaɗa kan fara da gindin waƙa gaba ɗayansu. Daga nan sai a sakar wa mutum ɗaya fili ya ƙirƙiro nasa nan take, ba tare da ya sauka daga karin da aka ɗora ba, sauran suna riƙe masa. In ya gama ya miƙa wa na gaba. Akwai inda biyu ke musaya gajere-gajere, wannan ya jefa gaɓa huɗu, wancan ya mayar masa da huɗu, kuma abin da na biyun zai faɗa yana fitowa ne daga abin da ya ji yanzu-yanzu, ba daga abin da ya zo da shi daga gida ba. Wanda ya san yadda Shata ke jefa magana nan take kalangu da amshi suna tallafe da shi, ko yadda makaɗan fada irin su Narambaɗa ke karɓeɓeniya da yaransu, ya riga ya san rabin labarin. Su ma makaɗan jaz can sun san inda tushen yake, har wasunsu suka biyo sawu. Yusef Lateef, ɗaya daga cikin manyan masu busa na Amurka, ya zo Zariya a 1981, ya zauna har 1985 a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello yana nazarin sarewar Fulani makiyaya. A 1987 littafin da suka rubuta shi da Ziky Kofoworola a kan kiɗa da wasannin Hausa ya fito. Mutum ne da duniya ta riga ta san shi, amma ya zo da kunne a buɗe.

Na san inda muke zaune, na kuma san da wa nake magana. Malamai sun yi bayani mai yawa a kan kiɗa, da yawanku ba kwa sauraro, iyayenku ba su yarda ba. Ban zo in sa kowa ya saɓa wa malaminsa ko mahaifinsa ba, littafin da nake kwaɗaita muku kuma ba ya buƙatar ko ganga ɗaya. Ɗabi'ar kawai nake so ku ɗauka: ka san lokacin da fili naka ne, ka san lokacin da za ka ja baya ka riƙe wa ɗan'uwanka, in za ka amsa kuma ka amsa abin da ya faɗa. 'Yan Islamiyya masu rera waƙa, ɗaya na ja sauran na amsawa, sun san daɗin wannan.

A nan ne yawancin haɗin gwiwa ke lalacewa. Mai baiti ya gama waƙoƙinsa ashirin shi kaɗai, ya jera su, sannan ya tuna yana da aboki mai zane. "Don Allah ɗan yi mini wani abu a nan, shafin ya yi fili da yawa." In baiti ya ambaci dabino a zana dabino, in ya ambaci wata a zana wata. Mai karatu ya karanta dabino ya ga dabino, bai ƙaru da komai ba, mai zanen kuma ya tashi yana jin an aike shi ne kawai. Maimaici ke nan, ba amshi ba. A ce waƙar ta wata tsohuwa ce a Kano da ke jiran kiran jikanta daga Madina. Mai zanen da ya saurara ba zai zana waya ba. Wataƙila ya bar kashi biyu cikin uku na shafin fari fat, ya ajiye 'yar siririyar ƙofar zaure can ƙasa a kusurwa, sai jiran da baitin ya ambata ya zama abin da ido ke gani.

Ga yadda nake ganin ya kamata ku ɗauko shi. Ku fara yarda a kan gindi ɗaya, abin da ya dame ku ku biyun. Kuna da shi a cikin gidajenku ba sai kun je nesa ba. Kakannin da yawanku da ƙafa suka zo ƙasar nan: daga Kano su bi ta Borno, su ratsa Cadi, su shiga Darfur, wasu su tsaya shekaru a gonakin auduga na Jazira suna tara guzuri, sannan su kai Sawakin su tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. An haihu a hanyar nan, an yi aure, an binne mutane. Ku tambayi tsofaffin da suka rage tun suna nan. Mai baiti ya rubuta waƙa ta farko, gajera, ya miƙa. Mai zane ya tafi da ita ya yi kwanaki, ya dawo da amsarsa. Waƙa ta biyu kuma kada ta fito daga kan mai baiti kai tsaye, ta fito daga zanen da aka miƙo masa, ya zauna ya dube shi har sai ya gaya masa abin da bai yi niyyar faɗa ba. Haka za ku yi ta miƙa wa juna har ku kai takwas ko goma. Za ku tarar littafin ya bi da ku inda babu ɗayanku da zai je shi kaɗai. A 1913 a birnin Paris, mawaƙi Blaise Cendrars da mai zane Sonia Delaunay sun yi wani littafi a kan tafiyar jirgin ƙasa ta Sibiriya. Takarda ɗaya ce mai tsawon kusan mita 2 da ake ninkewa, launuka na gangarowa ta hagu, baitoci ta dama, launin ma yana kutsawa tsakanin ɗangogi. In ka cire ɗaya, ɗayan ya zama gurgu.

Mu ma muna da gadon shiga aikin wani cikin ladabi, sunansa tahamisi. Ka ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ka gina uku a gabansa su zama biyar, ka bi karinsa, ka bi amsa-amonsa, ka ƙara masa haske ba tare da ka danne shi ba. "Tabbat Haƙiƙa" da ake rerawa har yau hannu uku ta bi: Shehu Usmanu ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Yaya da ƙani ke nan a kan aikin mahaifinsu. Ina faɗa ne domin 'yan matanmu da za su ce ba su da abokin aiki. Ki duba cikin gidanku tukuna, ko cikin ƙawayenki na aji.

Sai ku shirya wa gyara, domin wanzami ba ya son jarfa. Shafin da aka sassaƙa da hannu ba ya ɗaukar surutu. Ranar da mai zane zai ce maka, "Waɗannan ɗangogi biyu na ƙarshe ba su ƙara komai ba, cire su," ranka zai ɓaci, domin wataƙila su ka fi so. Ka kwana da maganar kafin ka ba da amsa. Sau da yawa wanda ya zo da ido daga waje ya fi ka ganin inda waƙar ta riga ta ƙare. Kai ma kana da haƙƙin ce masa jan nan ya yi ƙara da yawa, ya hana a ji baitin. Abin da ba ku da haƙƙinsa shi ne ɗaya ya gyara aikin ɗaya a bayan idonsa.

Wani zai ce, to ai zanen abu mai rai akwai magana a kansa. Akwai, kuma wanda ya zaɓi ya nisance shi bai rasa komai ba. Ku tuna zayyanar da ake yi wa allon mai sauka, da adon da marubutanmu ke sawa a rubu'i da sumuni da jar tawada da rawaya, da aska takwas a ƙirjin babbar riga, da zanen bangon gidajen Zariya da Kano da Damagaram. Duk wannan taska ce da ba ta da fuska ko ɗaya. Ibrahim El-Salahi na Sudan, ɗan malamin makarantar allo ne a Omdurman, daga harafin Larabci da adon allo ya gina fasahar da ta kai shi babban gidan zane na Tate a Landan a 2013. Dia Azzawi na Iraƙi kuma a 1978 ya yi wa Mu'allaƙat, waƙoƙin nan na jahiliyya da ɗalibanmu ke karantawa a zaure, jerin hotuna na bugun siliki, inda harafi da launi ke kokawa a shafi guda. Ƙasar da kuke ciki ma ta buɗe wannan ƙofa: an ware 2020 da 2021 a matsayin shekarun haɗɗin Larabci, a ƙarshen 2021 hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon ɗan Adam, aka kuma ware 2023 ga waƙar Larabci.

Kuna da wata makaranta kusa da ku da mutanen Paris da New York ba su da ita. Ina nufin Maɗaba'ar Sarki Fahad ta buga Alƙur'ani, wadda aka ɗora harsashinta a 1982 aka buɗe ta a 1984, take fitar da miliyoyin kwafi kowace shekara, har da tarjamar Hausa ta Shaihu Abubakar Gumi. Alƙur'ani maganar Allah ce, ba waƙa ba ce, ba kuma na haɗa shi da komai. Aikin hannun da ke bayan bugun kawai nake so ku lura da shi. Duk girman injinan nan, abin da suke maimaitawa rubutun mutum ɗaya ne da alƙalami, Shaihu Usman Ɗaha, wanda aka haifa a 1934 a wani ƙauye kusa da Halab ta ƙasar Sham. Ku buɗe Mus'hafin Madina ku duba: shafi 604, layi 15 a cikakken shafi, shafi ya fara da farkon aya ya ƙare da ƙarshen aya, ba a ga inda aka matse kalma ko aka ja ta don ta cika layi ba. Shekaru ake yi ana rubuta guda ɗaya, bayansa kuma kwamitin malamai ya bi shi harafi-harafi, wasali-wasali, shi da gwanintarsa yana karɓar gyara. A Kano ma haka Sharu Bala Gabari ya rubuta nasa da hannu a ruwayar Warshu aka buga, almajirai suka yi ta karatu da shi. In akwai hali ku kai ziyara maɗaba'ar nan ku gani da idonku.

Yanzu bari mu sauka kan tabarma mu yi aikin. Hanya mafi sauƙi ita ce sassaƙa a kan lino, wato faifan roba mai ɗan kauri. In bai samu ba, katako mai laushi ya yi, ko babban magogin fensir don gwaji. Kuna buƙatar wuƙaƙen sassaƙa biyu, mai tsinin baki don siririn layi da mai faɗin baki don kwashe fili, sai rola ta roba, da gilashi mai kauri na murza tawada, da cokali. Abin da wuƙa ta kwashe shi zai fito fari, abin da ta bari shi zai ɗauki tawada. Komai kuma a juye ake sassaƙa shi, abin da masu yanka hatimi a kasuwanninmu suka daɗe da sani. Ajamin da ke tasowa daga dama, a jikin lino daga hagu zai taso, boko kuma akasin haka. Dabarar ita ce ka rubuta a siririyar takarda da fensir mai laushi, ka kifa ta a kan linon, ka goga bayanta, sai rubutun ya kwanta a juye da kansa. Ka duba shi a madubi kafin wuƙa ta taɓa shi, musamman lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, da ɗigon imala a ajami, domin su ne ke saurin ɓallewa. Ka riƙa tura wuƙa gaba, hannun da ke dafe da lino yana bayanta kullum.

Tawada kaɗan za ka ɗiga a gilashi, ka yi ta murza ta da rola gaba da gefe har ta kwanta sumul. Kunnenka zai gaya maka: in tana ƙara mai ɗanƙo tana tsinkewa, ta yi yawa, in tana ɗan huci a hankali, ta yi daidai. Iskar Madina busasshiya ce, da bazara zafi ya haura digiri 40, tawada mai ruwa takan bushe a jikin rola tun ba ka kai ta ga lino ba. Saboda haka ku yi bugu bayan asuba ko da dare, ku kauce wa bakin na'urar sanyaya ɗaki, ku riƙa zuba tawadar kaɗan-kaɗan. In ka shafe linon, ka ɗora takarda sau ɗaya kada ta motsa, ka dafe ta, ka murza bayanta da gadon cokali daga tsakiya zuwa gefe. Kafin ka ɗage gaba ɗaya, ɗaga kusurwa ɗaya ka leƙa. In wani wuri bai kama ba, mayar ka ƙara murzawa. Sannan a shanya a igiya, kada biyu su taɓa juna. In launi biyu kuke so, lino biyu za ku sassaƙa, ku yi alamar kusurwa a jikin kwali don takardar ta riƙa sauka wuri ɗaya a kowane bugu.

Nan ne aikin ke zama na mutum biyu da gaske. Wanda ke shafa tawada hannunsa ya ɓaci, ba ya taɓa takarda. Wanda ke ɗora takarda hannunsa a tsabtace yake, ba ya taɓa rola. Mai baitin da bai taɓa sanin wahalar zane ba zai tsaya awa uku yana miƙa takarda, kafaɗarsa ta gaya masa. Ku yi lissafi tun da wuri: zane takwas a kwafi 30 bugu 240 ke nan a launi ɗaya, kuma sai kun buga kusan 40 kafin ku tsinci 30 masu kyau. Sassaƙa dukan baitoci aiki ne mai cin rai, don haka a littafin farko ku sassaƙa zane da kanun waƙa kawai, baitocin kuma mai kyan hannu a cikinku ya rubuta su a kowane kwafi, ko ku kai rubutun wurin masu buga riguna su fitar muku da shi ta bugun siliki. Henri Matisse na Faransa, bayan tiyatar da ta kwantar da shi a 1941, da almakashi ya riƙa yanka takardu masu launi. Daga nan littafinsa mai suna Jazz ya fito a 1947, hotuna 20 da aka buga ta shafa fenti a kan faranti mai huda, launi bayan launi, rubutun ciki kuma na hannunsa ne. Duk da ƙwarewar masu bugun, da farko bai gamsu da yadda hotunan suka fito ba. In ranku ya sosu da bugunku na farko, ku san manya ma sun ji haka.

Wuƙa in ta zame ba ta dawowa. Bill Evans, wanda ya kaɗa fiyano a faifan Miles Davis na 1959 mai suna Kind of Blue, ya kamanta aikinsu da wani salon zanen Japan da ake yi da tawada a siririyar takarda, inda babu gogewa babu komawa. Ku da kuka tashi da waya, inda komai ake iya share shi da yatsa, wannan ne abin da na fi so ku ɗanɗana. Idan hannu ya san ba gyara, tunani yakan riga shi isa. In kuma an yi ɓarna, sai ku zauna ku biyu ku duba ko za a sake sabo, ko kuwa zamewar ta buɗe wata hanya da za a bi.

Haɗa littafin ba wuya: a ninke takardu, a huda uku a gindin ninki, a ɗinke da zare mai ƙarfi. Ko ku bar su a warwatse yadda littattafan kakanninmu suke, tsakanin tadarishi a cikin gafaka, kalmar farko ta shafi na gaba tana rubuce a ƙasan na baya don kada tsari ya rikice.

Saura maganar da abokai ba sa son yi, ita ce kuma ke raba su: suna da kuɗi. A duniyar jaz, Billy Strayhorn ya yi aiki da Duke Ellington tun daga 1939 har rasuwarsa a 1967, amma shekaru da yawa jama'a suna jingina wa Ellington abubuwan da Strayhorn ya tsara. A faifan nan na 1959 ma akwai waƙar da aka rubuta sunan Davis a kanta, Evans kuwa ya ce shi ya tsara ta. Manyan gwanaye ke nan masu ƙaunar juna, abin bai bar su ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. To ku rubuta naku tun ba a sayi takarda ba: wa ya kawo nawa, kwafi nawa za a buga, nawa ne na kowa, in an sayar yaya za a raba, wa zai riƙe linon bayan an gama. Ku sa hannu a gaban wani babba. Sunayenku biyu su hau bango da girma ɗaya. In wata ƙanwa ce ta ɗinke, ko wani aboki ya rubuta baitocin, a ambace su.

A shafin ƙarshe ku yi abin da marubutanmu na dā ke yi idan sun kammala kwafi: ku rubuta wanda ya yi baiti, da wanda ya yi zane, da inda aka buga, da wata da shekara ta Hijira da ta Miladiyya, da irin takardar. Kowane kwafi a sa masa lamba da fensir, 1 cikin 30, 2 cikin 30, ku sa hannu ku biyu. In kun ce 30, kada a wayi gari a ga na 31, domin wanda ya saya da wannan alkawari ya saya. In kuna son sayarwa a fili, a kantin littattafai ko a baje kolin littattafai na Madina, ku fara tambayar ƙa'idar izinin bugu ta ƙasar nan. Lambar littafi kuwa Ɗakin Karatu na Ƙasa na Sarki Fahad da ke Riyad ne ke bayar da ita. Kwafin farko na iyayenku ne, na biyu na tsohon da ya ba ku labarin hanya. Ku ware biyu ko uku ku naɗe cikin kwali mai ƙarfi, ku ba amintaccen alhaji mai komawa gida ya kai Gidan Arewa a Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da ɗakin karatu na Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, ku haɗa da 'yar wasiƙa mai bayanin ko su wane ne ku da yadda kuka buga shi.